Gwanin da Ke Fara Lissafi Daga Ranar Ƙarshe

Tun da Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024 aka sake buɗe kasuwar shanun da ta daɗe a rufe, hankalin mutanen yankin ya fara komawa kan noma da ciniki. Ƙasar albarka ce: ga masara da dawa, ga katako a gefen dajin Kamuku, ga zinari a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake kwashe yawancin amfanin gonar nan ɗanye, a kai shi wasu garuruwa a sarrafa, a dawo mana da shi a buhu da tsada. Ranar da wani attajiri zai kafa masana'antar niƙa masara a garin, zai nemi injiniya da birkila da mai haɗa wuta. Amma kafin su duka, yana buƙatar mutumin da ya karanci gudanar da manyan ayyuka.

Ana koyar da wannan fanni a jami'o'inmu. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, maƙwabciyarmu, tana da sashe guda a kansa, haka ma takwararta ta Owerri, kuma ɗaliban gine-gine da na ƙiyasin kuɗin gini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suna ɗaukar darussansa. Ɗalibi yana koyon tsara lokaci, da kasafin kuɗi, da dokar kwangila, da sayen kaya, da tafiyar da ma'aikata. Sai dai abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake juya masa tunani, har ya saba fara lissafi daga ranar gama aiki ya dawo baya.

A ce an ba shi aikin masana'antar can. Tambayarsa ta farko ita ce: yaushe ya zama dole inji ya tashi? Amsa ita ce kaka, lokacin da sabuwar masara ta cika kasuwa, farashi ya sauko. In aka kuskure wannan lokaci, an yi asarar shekara. To daga Nuwamba sai ya ja baya. Gwajin inji zai ci makonni, don haka dole a gama ɗaura shi tun Oktoba. Ba a ɗaura inji mai nauyi sai a kan dandamalin kankare, shi kuwa kankare yana buƙatar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka ƙiyasta masa, ko da sarki ne ke gaggawa. Kankare na son yashi, yashi kuwa a rafi ake haƙo shi, kuma in Agusta ta kama rafi ya cika, tifa ba ta isa gaɓa. Ke nan tun rani za a tara yashi da tsakuwa. Shi kansa injin daga waje zai zo, ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Apapa, ya jira kwastan, sannan ya hau tirela ta Ilori da Jebba da Mokwa da Tegina. Da ya gama jera wannan, sai ka ga odar injin da attajiri ke cewa "a bari sai gini ya yi nisa" ita ce ya kamata a fara bayarwa tun ba a sari ƙasa ba.

Daga nan yake raba ayyukan gida biyu. Akwai waɗanda ke da sarari: katangar kewaye, fenti, ofishin manaja, ko sun makara da wata guda ba abin da zai tsaya. Akwai kuma sarƙar ayyukan da in ɗaya ya yi jinkirin kwana guda, ranar buɗe masana'anta ta matsa da kwana guda. A kan wannan sarƙa yake sa ido, a nan yake zuba kuɗi da mutane in abu ya cije. Mai gida zai zo ya ga katanga ba ta tashi ba ya yi faɗa, shi kuwa hankalinsa na kan tiransifomar da ba ta iso ba.

Dabarar tana da tarihi. Henry Gantt na Amurka ne ya yaɗa jadawalin da ke nuna kowane aiki a matsayin layi a kan kalanda, a shekarun 1910. Lissafin gano sarƙar da ba ta jure jinkiri kuwa ya fito ne a 1957, daga James Kelley na kamfanin Remington Rand da Morgan Walker na DuPont, waɗanda ke neman hanyar tsara gini da gyaran masana'antun sinadarai. A 1958 sojojin ruwan Amurka suka ɓullo da irinta don aikin makamin Polaris. Yau kwamfuta ke yin lissafin cikin ƙiftawar ido. Ni dai ina ganin wannan gwani jikan madugu ne. Madugun da ke jan ayari zuwa Gwanja neman goro shi ma sai ya san zangon da ke da ruwa, da kogin da ba ya ƙetaruwa da damina, da inda 'yan fashi ke tare hanya, tun jakuna ba su bar gida ba.

Mun kuma ga abin da rashin wannan tsari ke jawowa. An fara aikin ƙarfe na Ajakuta tun wajen 1979, har yau bai kai ga narkar da tama yadda aka tsara ba. Layin dogon Itakpe zuwa Warri, wanda aka yi domin jigilar tama da ƙarfe, an soma shi a 1987, ba a ƙaddamar da shi ba sai 2020.

Littafi kaɗai ba ya isa, kuma a nan ne ɗan ƙasa ke yi wa baƙo fintinƙau. Ana koya wa ɗalibi ya rubuta duk wata matsala da ka iya tasowa, ya auna yiwuwarta da girman ɓarnarta, ya tanadi mafita. Ɗan Birnin Gwari da ya yi wannan karatu ya san abin da zai rubuta. Ya san leburorinsa manoma ne, da ruwan shuka ya sauka za su ajiye shebur su ɗauki fartanya, don haka ba zai sa ranar zuba kankare a makon ba. Ya san sulhun da aka yi da 'yan bindiga sabo ne, sai ya tsara tirelar inji ta wuce da rana, ya ajiye siminti da rodi na makonni a wurin aiki ko da hanya za ta rufe. Ya san kuma kafin a kafa turke a fili, sai an je gaban hakimi da dagaci an zauna da masu gonakin, kuma wannan zama ma yana da layinsa a jadawali, da ranar farawa da ranar gamawa.