Malamin da Ke Ɓata Netwok da Gangan

A watan Oktoban 1986 wani abu ya faru a Kalifoniya da ya ɗaure wa masana kai. Tsakanin ɗakin binciken Lawrence Berkeley da jami'ar da ke maƙwabtaka da shi tazarar ba ta wuce yadi 400 ba, kuma layin da ya haɗa kwamfutocinsu yana ɗaukar bit dubu 32 a daƙiƙa. Rana tsaka sai ya koma bit 40 kacal. Waya ba ta tsinke ba, na'ura ba ta ƙone ba, kowace kwamfuta tana bin ƙa'ida sau da ƙafa. Bin ƙa'idar ma shi ya jawo masifar. Duk kwamfutar da ta aika saƙo ba ta ji amsa ba sai ta sake aikawa, hanya ta ƙara cushewa, amsa ta ƙara makara, sai kowa ya sake aikawa. Van Jacobson ne ya gano bakin zaren, kuma maganin da ya fitar a 1988 shi ne tushen da intanet ke tafiya a kai har yau.

Kusan duk mai koyar da ilimin sadarwar kwamfuta a jami'a ya san wannan labari. Inda ake gane gwani shi ne ranar da ya zaɓa ya ba da shi. Mai karanto takarda yakan zuba shi a makon farko, tare da shekarar da aka kunna ARPANET da sunayen Vint Cerf da Bob Kahn, ɗalibai su rubuta, su manta. Gwani yakan riƙe shi a aljihu sai ranar da ya sa ɗalibansa sun cushe hanyarsu da hannunsu a ɗakin gwaji, suna kallon saƙonni na zubewa ba su san dalili ba. A lokacin zai ce musu, abin nan da ya same ku ya taɓa samun manya.

Wahalar wannan fanni ita ce babu abin gani. Ɗalibin injiniyan gini yana dama siminti, ya fasa bulo ya ga ƙarfinsa. Na lantarki yana kallon allurar mita. Shi kuwa wannan, an ce masa akwai ƙunshin bayanai da ke gudu cikin waya, wani a naɗe cikin wani, amma idonsa bai taɓa sauka a kan ko ɗaya ba. Hanya mafi sauƙi ga malami da ɗalibi baki ɗaya ita ce hadda: hawa bakwai na tsarin OSI, kowane da aikinsa, a zana a allo, a maimaita a jarrabawa. Mu kuwa Allah ya hore mana kan hadda. Shi ya sa za ka ga mai sakamako na gani na faɗa, amma idan kwamfutar ofis ta ƙi ganin firinta sai ya koma kashewa da kunnawa kamar kowa.

Aikin farko na gwanin malami shi ne ya ba su ido. Akwai manhaja ta kyauta mai suna Wireshark, wadda Gerald Combs ya fara fitarwa a 1998, da ke kama duk abin da ya shiga kwamfuta ko ya fita, ta jera shi layi-layi. Malam zai ce kowa ya kunna ta, ya buɗe shafi guda ɗaya, ya kashe. Sai ga ɗaruruwan layuka. Da farko kwamfutar ta tambayi DNS lambar adireshin shafin, aka ba ta. Sannan layuka uku a jere, masu alamar SYN, da SYN-ACK, da ACK, waɗanda da su ne TCP ke ƙulla zance kafin a ce komai. Malaman da ke koyar da yaranmu sukan kwatanta wannan da sallama: baƙo ya yi, mai gida ya amsa, baƙo ya nuna ya ji amsar sannan ya shigo. Kwatancin ya zauna, amma mai kyau ba ya barin su a bakin ƙofa. Zai sa su buɗe layin farko su nemo wata doguwar lamba da kwamfutar ta zaɓa da ka, su dubo layi na biyu su ga an mayar mata da lambar an ƙara ɗaya. Me ya sa ba a fara ƙirga daga sifili ba? Zai bar tambayar tana yawo a ajin har wani ya ce, ai da kowa ya san lambar, da ɓarawo zai iya cusa saƙonsa a tsakiyar zancen mutane.

Malaman fannin ma ba su gama sasantawa kan ta inda za a faro ba. Littafin Andrew Tanenbaum, wanda ya fara fitowa a 1981, daga ƙasa yake tasowa: waya da sigina tukuna, manhajoji a ƙarshe. A 2000 Jim Kurose da Keith Ross suka juya abin, suka faro daga shafin intanet da wasiƙar imel da ɗalibi ya riga ya sani, suna gangarowa. Ni na fi karkata ga na biyun ga wanda ya taso da waya a hannu, ko da yake ɗaliban injiniyan lantarki sukan fi sakewa da na farkon, tunda sigina gidansu ne.

Inda gwaninta ta fi fitowa shi ne ranar ɓarna. Kafin ɗalibai su iso, malam ya shiga ɗakin gwaji ya taɓa abu biyu. A ƙa'ida, ƙunshi ɗaya a kan Ethernet yana ɗaukar bayit 1500. Sai ya rage wa wata mahaɗa a tsakiya zuwa 1400, sannan ya toshe ɗan saƙon ICMP da na'urar tsakiya ke mayarwa don ta ce kayan nan sun yi girma, a rage. Shi ke nan, ya koma ya zauna.

Abin da ɗalibai za su tarar yana da ban haushi. Sun gwada ping, wato ɗan saƙon gwaji, amsa tana dawowa garau. Sun buɗe ƙaramin shafi, ya buɗu. Sun nemi babban fayil, sai ya tsaya cak, ba saƙon kuskure, ba komai.

"Malam, netwok ɗin ne babu kyau."

"Wane ɓangarensa?"

"Wallahi duka, Malam."

"Ping ɗinki ya wuce ko bai wuce ba? To mene ne bambancin ping da fayil ɗin?"

Ba zai ƙara ko kalma ba. Nan ne mafi yawan malamai ke faɗuwa, domin ganin ɗalibi yana lalube da amsa a bakinka abu ne mai wuyar jurewa, ga lokaci na tafiya, ga manhajar karatu ba a kai rabi ba. Gwani yana iya yin shiru na minti ashirin. Can sai wata ta ce, ping ƙarami ne. Ta fara ƙara masa girma, tare da alamar kada a gutsura shi a hanya: 1000 ya wuce, 1300 ya wuce, 1450 ya ɓace. Wadda ta gano wannan da kanta ta samu abin da ya fi sanin iyakar girman ƙunshi. Ta koyi yadda ake raba matsala gida biyu, a jefar da rabin da ba shi da laifi, a sake rabawa.

Sai lissafi, wanda shi ke bambanta ajin injiniyoyi da kwas ɗin mako shida na haɗa waya. Haske a cikin zaren gilashi yana cin kusan kilomita dubu 200 a daƙiƙa, don haka kowane kilomita 1000 yana ƙara milisakan 10 a zuwa da dawowa, kuma babu kuɗin da zai rage wannan. Tauraron ɗan Adam irin mai tsayuwa wuri guda yana nisan kilomita 35,786 daga ƙasa, tambaya da amsa ta cikinsa kan ci kusan milisakan 600. TCP na asali kuwa ba ya sakin fiye da bayit 65,535 sai ya ji amsa. Malam zai ce a raba. Amsar ba ta kai megabit ɗaya a daƙiƙa ba, ko da layin da aka saya na megabit ɗari ne. Ɗalibin da ya yi wannan lissafi da alƙalaminsa ya daina ɗaukar faɗin hanya da saurin amsa a matsayin abu ɗaya. Daga nan traceroute, wanda shi ma Jacobson ne ya rubuta, ya zama masa taswira: yana karanta sunayen na'urorin da saƙonsa ya ratsa, idan ya ga lokaci ya yi tsalle da milisakan ɗari ya san an tsallaka teku. Nan ne wurin ba su labarin yadda, kafin a kafa cibiyar musayar intanet ta IXPN a Legas a 2006, saƙo tsakanin kamfanonin Najeriya biyu yakan je Turai ya dawo.

Maganin Jacobson ma ba a karanta shi, gani ake yi. Mai aikawa yana ƙara ƙunshi ɗaya a kowane zagaye, da zarar ɗaya ya ɓace sai ya rage rabi, ya sake hawa a hankali. Idan aka zana shi sai ya fito kamar haƙoran zarto, kuma haka ma'abota fannin ke kiransa. Da manhajar Mininet, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Stanford a 2010, ɗalibi na iya gina netwok mai na'urori da dama a cikin laftof ɗaya ya ga zanen da idonsa. A Stanford ɗin akwai ajin da ake sa kowa ya rubuta nasa TCP ɗin, wani ajin kuma a ba ɗalibai sanannen bincike a ce su maimaita gwajin su ga ko sakamakon zai fito yadda marubutan suka ce. Samun daidai ba shi ne kaɗai cin nasara ba a wurin. Wanda ya samu saɓani ya kuma iya bayyana dalili ya yi aiki.

Darasin da na fi so shi ne na BGP, ƙa'idar da dubban kamfanoni da jami'o'i ke sanar da juna wace hanya ke kaiwa ina. Yakov Rekhter da Kirk Lougheed ne suka zana ta a 1989, a kan takardun goge hannu a wurin cin abinci, kuma an gina ta ne a kan yarda: abin da maƙwabci ya faɗa, a ɗauka. Malam zai raba aji rukuni-rukuni, kowane ya zama kamfani mai adireshinsa, su haɗu har komai ya daidaita. Sai ya raɗa wa rukuni ɗaya su yi shelar cewa adireshin wani rukunin nasu ne. Cikin daƙiƙoƙi zirga-zirgar ajin ta karkata wurinsu, masu adireshin na gaskiya suna duba na'urarsu ba su ga laifin komai ba. Bayan hayaniya ta lafa sai ya kawo na gaske. A Fabrairun 2008 kamfanin Pakistan Telecom ya so toshe YouTube a cikin gida, ya yi shelar wani yanki mai adireshi 256 daga cikin 1024 na YouTube. Shelar ta fita waje, kuma da yake na'urori kan fifita shelar da ta fi ƙayyadewa, duniya ta rasa YouTube na kusan awa biyu. A Nuwamban 2018 kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya sa zirga-zirgar Google ta bi ta Rasha da Sin na minti 74. Ɗalibin da aka sace wa adireshi a aji ba sai an roƙe shi ya saurari bayanin hanyoyin kariya irin su tace shela da sa hannun RPKI ba.

Wannan salo ba baƙo ba ne a nahiyarmu. Tun 2000 ƙungiyar AfNOG, wadda Nii Quaynor na Ghana yake cikin jagororinta, take tara injiniyoyin Afirka a bita inda kowane tebur ke gina nasa netwok ɗin, tare da taimakon cibiyar NSRC ta Jami'ar Oregon. Rashin na'urori masu tsada ya daina zama uzuri, tunda Wireshark da Mininet da makamanciyarta GNS3 duk kyauta ne. Matsalolin gaske su ne wutar lantarki da yawan ɗalibai, domin shirun minti ashirin ɗin nan yana da sauƙi da mutum talatin, da ɗari biyu kuwa sai malam ya horar da na gaba su riƙa zagayawa tebur-tebur.

Jarrabawar irin wannan malami ma takan bi sahu. Maimakon a lissafo hawa bakwai, sai ya ba kowa fayil na zirga-zirgar da aka kama daga wata netwok mai ciwo, da tambayoyi uku a ƙasa: me ya lalace, a wane layi ka gani, me za ka gwada da farko. Littafi a buɗe yake ga duk mai so.