Mu Auna Littafin Malam Layal

Wanda ya shiga gidan tarihi na Yamai ya ga ƙasusuwan wata ƙatuwar dabba da aka tono a Gadufawa, cikin hamadar Tenere. Sunan irin waɗannan dabbobi dinozor. Sun daɗe suna mulkin duniya, sannan suka ɓace. Mi ya ƙare su? Sannu sannu suka tafi, ko kuwa farat ɗaya?

Masana biyu sun saɓa a kan irin wannan tambaya. Kubiye, mutumin Faransa wanda ya rasu a 1832, ya duba ƙasusuwan da ke cikin duwatsun Paris. Ya ce manyan bala'o'i ne ke aukowa su share dabbobi. A 1830 kuma Layal, mutumin Birtaniya, ya buga littafi a kan tarihin ƙasa da duwatsu. Shi ya ce a'a: ruwa da iska da girgizar ƙasa, irin waɗanda muke gani yau, su suka sassaƙa duniya kaɗan kaɗan, cikin shekaru masu ɗimbin yawa. Maganarsa ta yi rinjaye fiye da shekara 100.

Mu ba shi haƙƙinsa. Kowane manomi ya ga yadda korama ke cin bakin gona, taki ɗaya bana, taki ɗaya baɗi. Layal ya koya wa mutane su duba abin da ke gabansu kafin su yi zance. Wannan aiki ne nagari.

Amma ga laifin littafin: ya rufe ƙofa. In duwatsu sun nuna dabbobi sun ɓace kwatsam, sai Layal ya ce lokaci mai tsawo ne ya wuce bai bar shaida ba. Da irin wannan amsa, babu shaidar da za ta iya kada shi. Alhali manomin da ya san korama ya san fari kuma: wuni ɗaya su sauka, gona ta zama fili.

A 1980, Albares da ɗansa, masana daga Amurka, suka ba da labarin wani siririn laka da ke tsakanin duwatsu kusa da garin Gubiyo a Italiya. Kaurinsa bai wuce na yatsa ba. A cikinsa akwai ƙarfen iridiyom da yawa, wanda ke da wuyar samu a bayan ƙasa, amma akwai shi cikin duwatsun da ke faɗowa daga sama. Suka ce wani ƙaton dutse, mai faɗin kilomita 10, ya faɗo. Ƙura ta rufe rana, tsirrai suka mutu, dabbobi suka bi su. Masana da dama suka ƙi yarda. A 1991 aka nuna ramin a ƙasar Meziko. Faɗinsa wajen kilomita 180, ya fi nisan Yamai zuwa Doso. Abin ya faru shekara miliyan 66 da suka wuce, ya kuma hallaka kusan kashi uku cikin huɗu na ire-iren halittu.

Har yanzu wasu masana na cewa aman wutar duwatsun Indiya ma ya taimaka. Amma hukuncinmu shi ne: Layal ya faɗi rabin gaskiya, ya ɗauke ta duka.

Mu da muka fara karatu, kada mu ce duk abin da ke rubuce ya gama magana. Mu karanta, mu kuma tambaya: ina shaida?