Sauraron Taurari Daga Tsakar Gida

A 1937 wani injiniya ɗan Amurka, Grote Reber, ya gina kwanon ƙarfe mai faɗin sama da mita 9 a bayan gidansu a garin Wheaton, don ya kama saƙon rediyo da ke zuwa daga sararin samaniya. Yau kwanon raga mai faɗin mita ɗaya ya ishi mai farawa.

Abin da mai farawan yake farauta shi ne haidirojin, iskar da ta fi kowace yawa tsakanin taurari. Tana fitar da sigina mai rauni ƙwarai a zangon santimita 21, wato megahaz 1420. Ewen da Purcell ne suka fara kama ta a Jami'ar Harvard a 1951.

A bakin eriyar kwanon yake ɗaura amfilifaya, na'urar ƙara wa sigina ƙarfi, kuma nan ne gwani ke bambanta da mai gaggawa. Dole ta zauna daf da eriya, domin doguwar waya tana shanye siginar kafin ta isa ɗaki, kuma abin da waya ta shanye ba ya dawowa. Sai matata, mai tare hayaniyar turakun wayar salula. Daga nan waya ta shiga RTL-SDR, 'yar na'urar da ake sokawa a kwamfuta, wadda asali don kama talabijin aka ƙera ta.

Da farko ba ya ganin komai sai hayaniya. Sai ya auna hayaniyar kayansa, ya ajiye, ya juya kwanon zuwa farin layin taurarin nan da ke ratsa sama a daren da babu wata. Kwamfuta tana tara awo na mintuna tana fitar da matsakaici. Hayaniya ta lafa, wani ɗan tudu ya taso a allon. Idan tudun ya goce daga 1420, gajimaren iskar ne ke matsowa ko yake nisanta, kuma daga gocewar ake lissafa gudunsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake tabbatarwa. Yakan ɗaure kwanon ya bar duniya ta juya da shi, dare da rana, ko da hazo. Yayin da wasu ke kashe dare a kan allon waya, shi yana rubuta lokacin da tudun ya taso. Idan kullum tudun na riga na jiya da kusan minti 4, to daga taurari yake, domin su ne ke bin wannan agogon. Da irin wannan lissafi wani mai bincike, Karl Jansky, ya gano tushen hayaniyar rediyon da yake ji a farkon shekarun 1930.