Daƙiƙa 90 bayan an kawo wuta

A ofishin da kwamfutoci da yawa ke aiki da fayil guda da ke ajiye a kan saba, wato kwamfutar da ke riƙe musu fayiloli, duk wadda za ta yi rubutu sai ta fara kulle shi, don kada biyu su rubuta wuri ɗaya su dagula lissafi. Mutanen Kafanchan, garin da ya bunƙasa a mahaɗar layin dogo tun wajen 1927, sun san irin wannan doka: a layin da jirgi ɗaya kaɗai ke bi, direba ba ya shiga sai da sandar izini a hannunsa.

Matsalar ita ce saba a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi take riƙe da lissafin wa ya kulle me. Da an ɗauke wuta, shi ke nan, lissafi ya bi ruwa. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a Kudancin Kaduna. Ko Gidauniyar Fantsuam da ke Bayanloco sai da ta haɗa da batura da faranten sola don riƙe intanet ɗinta na Zittnet.

Tsarin NFS, wanda kamfanin Sun Microsystems ya ƙirƙiro a 1984, yana da dabarar da ke burge ni. Saba ba ta wahalar da kanta da rubuta kowane kulle a faifai, don hakan zai sa aiki ya yi nawa. Sunayen kwamfutocin da ke hulɗa da ita kawai take ajiyewa. Idan ta farfaɗo, sai ta ware ɗan lokaci, daƙiƙa 90 a yawancin sabobin Linux, ta ƙi ba kowa sabon kulle. Masu tsohon kulle kaɗai take saurara, kowa ya zo ya ce wannan nawa ne, a mayar masa. A tsohon tsari ita ke aika musu da sanarwar ta tashi. Daga NFS 4, na shekarar 2000, su ke ganewa da kansu idan sun zo sabunta wa'adin da saba ke ba su na riƙe kulle, ta ce ba ta san su ba.

Inda gwanintar take shi ne nan. A ce waya ta tsinke tsakanin saba da kwamfutar akawu da ke riƙe da kullen fayil, har wa'adinta ya ƙare. Kwamfutar mai biyan albashi ta karɓi kullen, ta gyara alƙaluma, ta saki. Sai wuta ta ɗauke. Saba na tashi, an gyara waya, ta akawu ta iso da gudu tana neman kullenta, ba ta san an taɓa fayil ɗin a bayan idonta ba. In aka ba ta, za ta ɗora tsohon lissafi a kan sabo ba tare da kowa ya farga ba. Shi ya sa saba ke goge sunan duk wadda wa'adinta ya ƙare daga faifai tun kafin ta miƙa kullen ga wata. Ta akawu mai gaskiya ce, amma dole a hana ta.

Ƙwararren mai kula da saba ya san duk wannan. Ba ya barin jerin sunayen nan a wurin da ke gogewa idan an kashe inji, ba ya sauya wa kwamfutoci suna barkatai. Idan janareto ya kama, ma'aikata suka fara ƙorafin allo ya daskare, ba ya sake kashe saba, don yin haka mayar da ƙidayar farko ne. Sai ya duba agogo ya ce kowa ya ɗan yi haƙuri.