Gurbin Muhalli a Ma'aunin Hauhawar Farashi na Faransa: Sharhi daga Paris da Lyon

A kwandon da hukumar ƙididdiga ta Faransa, INSEE, take auna hauhawar farashi da shi, kuɗin haya bai wuce kusan kashi 6 cikin 100 ba. Hujjar hukumar ita ce kimanin kashi 58 cikin 100 na magidantan ƙasar a gidajensu na kansu suke zaune, ba sa biyan haya, sayen gida kuwa zuba jari ne, don haka ba ya cikin kayan masarufi. Philippe Herlin ya soki wannan adadi a littafin da ya fitar a 2018, yana ganin an rage wa muhalli nauyinsa na gaskiya.

Ta fuskar lissafi hujjar INSEE ba ta da aibu. Rauninta yana bayyana ne idan aka sauko Paris da Lyon, inda masu zama a gidan kansu ba su wuce kusan ɗaya bisa uku ba. A Paris farashin murabba'in mita ya haura Yuro 10,000 a 2019, wato ya ninka kusan sau uku tun 2000, amma ma'aunin bai nuna alamar haka ba. Lamarin kuwa ya shafi aljihun jama'a, domin da ma'aunin farashi ake daidaita mafi ƙarancin albashi da kuɗin fansho.

Masu suka kan yi nuni da Amurka, wadda tun 1983 take ƙiyasta hayar da mai gida zai biya da a ce haya yake yi. Sai dai wannan magani ba zai yi tasiri sosai a Faransa ba. Ƙarin hayar wanda ya riga ya tare a gida yana bin ma'aunin IRL, wanda shi kansa daga ma'aunin farashi ake ciro shi tun 2008. Ga kuma dokar ƙayyade haya da ta fara aiki a Paris a Yulin 2019, a Lyon da Villeurbanne kuma a Nuwamban 2021. Ashe ƙiyasin zai riƙa bin sawun hayar da doka ta riga ta ɗaure, ya bar tsadar saye a waje.

A Yulin 2021 Babban Bankin Turai ya ba da shawarar shigar da kuɗin mallakar gida cikin ma'aunin bai-ɗaya na Turai, ta hanyar farashin saye. Nan ma da sauran rina a kaba, domin a ƙa'idar wannan hanya gini ake son aunawa ban da fili, alhali a Paris fili ne ya yi tsada, ba siminti ba.

Abin da ya fi dacewa shi ne a riƙa wallafa, kusa da adadin ƙasa, ma'aunin sabuwar haya birni-birni. Ɗalibi ko ɗan ci-rani da ke neman ɗaki a unguwar Guillotière ta Lyon farashin yau yake fuskanta, ba na wanda ya shekara ashirin a gida ɗaya ba.