Bashin Radha da manomin Jalingo

A 1957 Mehboob Khan ya fitar da Mother India, kuma ba a daɗe ba 'yan kasuwar Lebanon masu gidajen silima suka shiga kawo finafinan Indiya Arewacin Nijeriya. Daga Kano suka watsu ko'ina, daga majigi zuwa kaset, har zuwa wayar hannu. Masana irin su Brian Larkin sun danganta ƙaunar da Hausawa ke wa finafinan da kamanceceniyar al'ada: kunya, auren dole, girmama iyaye. Gaskiya ne, amma a Mother India abin da ya fi kama zuciyar manomi shi ne bashi.

Labarin ya fara da biki. Uwar ango ta ranci rufi 500 a wajen Sukhilala mai ba da bashi da ruwa, domin a ɗaura auren ɗanta Shamu da Radha. Da aka yi gardama, dattawan ƙauye suka ba mai kuɗi gaskiya, aka yanke cewa kashi uku cikin huɗu na amfanin gona nasa ne. Manomin Jalingo ba ya buƙatar tafinta a nan. Ya san bada-kaka: a ba shi kuɗin taki da damina, da kaka ɗan kasuwa ya zo da buhunansa ya ɗebi masara ko shinkafa a farashin da aka yanke tun lokacin matsi.

Soyayyar Radha da Shamu a gona ake ganinta. Tare suke saran ƙasa mai duwatsu don su ƙara fili, har wani ƙaton dutse ya danne hannayen Shamu biyu. Ya kasa jure zama ana ciyar da shi, ya fice cikin dare, bai dawo ba. Nargis, wadda ta fito a matsayin Radha tana ƙasa da shekara 30, ta ɗora garma a kafaɗa ta ja da kanta, gumi da laka sun rufe mata fuska. Sai ambaliya ta cinye amfanin gona da gida. Duk wanda ya zauna kusa da kogin Lamurde, ko ya tuna ambaliyar 2005 da ta karya gadar Nukkai, ya san irin wannan wayewar gari. Cikin wannan yunwa Sukhilala ya miƙa mata abinci a kan ta ba da kanta, ta ƙi.

Ƙarshen ne ke raba masu kallo. Ɗanta Birju, wanda Sunil Dutt ya taka, ya kashe Sukhilala, ya sace 'yarsa ranar aurenta, Radha ta ɗauki bindiga ta harbe shi. Fim ɗin ya nuna hukuncinta a matsayin jarumta, amma ya yi saurin wuce wani abu: Birju ne kaɗai ya nace a buɗe littafin bashin a ga abin da aka rubuta.

Kannywood ta ɗauki waƙa da rawa da soyayyar mutum uku daga Indiya, ta bar gona a baya. Fassarar finafinan Indiya ta Algaita da matasa ke turawa a waya ita ma ta fi karkata ga finafinan daka. Labarin manomin Taraba da buhunansa na bada-kaka yana nan, ya isa fim guda cikakke.