Baddala da Sauya Jigo: Sharhi a kan Wasan "Giselle" na Dada Masilo

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin adabin Hausa ba baƙo ba ne ga baddala. Ya san yadda Abubakar Imam ya ɗauko labaran wasu al'ummu ya sa musu rigar Hausa a Magana Jari Ce. Wannan takarda za ta dubi irin wannan aiki a wani fage dabam, wato rawar bale, wadda wasan kwaikwayo ce ta Turawa da ake ba da labari a cikinta da motsin jiki da kiɗa, ba da baki ba. Misalin da aka ɗauka shi ne "Giselle" na Dada Masilo, ƴar Afirka ta Kudu, wanda aka fara nunawa a birnin Oslo a 2017. Za a duba abin da ta sauya, da abin da ta samu, da kuma abin da ta rasa.

2.0 Tushen Wasan

An fara nuna "Giselle" a birnin Faris ranar 28 ga Yuni, 1841. Adolphe Adam ne ya tsara kiɗan, Jean Coralli da Jules Perrot suka tsara rawar. Wasan kashi biyu ne. A kashi na farko, wani ɗan sarauta mai suna Albrecht ya ɓad da kama, ya shigo ƙauye cikin kayan talakawa yana neman Giselle, alhali an yi masa baiko da Bathilde. Hilarion, mai gadin daji, wanda shi ma yake son yarinyar, ya tona asirin. Giselle ta zautu, ta mutu. A kashi na biyu ta shiga cikin Wilis, wato fatalwowin ƴan matan da suka mutu kafin ranar aurensu, masu tilasta wa duk namijin da suka kama da dare ya yi ta rawa har ya mutu. Suka halaka Hilarion. Da suka juyo kan Albrecht sai Giselle ta bijire wa sarauniyarsu Myrtha, ta kāre shi har gari ya waye.

Babban jigon wasan shi ne yafiya. Sai dai mai nazari zai lura da wanda yafiyar ta amfana. Talakan da ya faɗi gaskiya shi ya mutu, ɗan sarautar da ya yi ƙarya shi ya tsira. A labarin 1841 ma, Giselle da kanta ta nuna masa Bathilde kafin ta koma kabarinta.

3.0 Abin da Masilo ta Sauya

An haifi Masilo a Soweto a 1985, ta rasu a watan Disamba na 2024. Sauye-sauyenta iri biyu ne. Na farko na kama ne. Ta mayar da labarin wani ƙauye na Afirka ta Kudu. Masu rawa suna taka ƙasa ba takalmi, suna magana da ihu a dandamali, abin da tsohuwar bale ba ta yi. Philip Miller ya tsara sabon kiɗa, yana tsakuro na Adam jefi-jefi, zanen William Kentridge kuma shi ne bangon dandamali. Myrtha ta zama sangoma, wato boka mai hulɗa da ruhin kakanni, riƙe da izga, kuma namiji ne ya fito a matsayinta. Wilis sun haɗa maza da mata, sun bar fararen riguna sun sa jajaye kamar jini.

Irin wannan sauyi shi kaɗai ba ya taɓa zuciyar labari. A 1984 ƙungiyar Dance Theatre of Harlem ta mayar da wasan jihar Luwiziyana ta Amurka, amma Giselle ɗinta ta yafe kamar yadda aka saba. Sauyi na biyu, na jigo, shi ne ya bambanta Masilo: Giselle ɗinta ba ta yafe ba. Ita da hannunta ta ɗauki bulala ta gama da Albrecht.

4.0 Ƙarfi da Rauni

Ƙarfin wannan baddala shi ne an gina wa ramuwar harsashi. Haukan tsohuwar Giselle abin tausayi ne mai ƙayatarwa, har ƴan kallo kan tafa wa gwanintar mai rawa. Masilo ta cire ƙayatarwar. An tuɓe yarinyar, an yi mata dariya, an watse an bar ta ta mutu ita kaɗai. Wanda ya ga wannan wulaƙanci ba zai nemi ta yafe ba. Ta haka Masilo ta tilasta wa mai kallo ya koma ga tsohon wasan ya tambayi kansa: don me kullum macen da aka zalunta, talaka, ita ake nema da haƙuri?

Raunin kuwa yana cikin zubi da tsarin kashi na biyu. Abin da ke riƙe mai kallo a tsohon wasan shi ne ja-in-ja tsakanin Giselle da Myrtha, ga kuma fargabar ko Albrecht zai kai asuba. Da Masilo ta haɗa su biyun a layi ɗaya, sai ja-in-jar ta kau. Tun shigowar Wilis an san inda za a kwana, saura zartar da hukunci kawai. Haka kuma tsohon Albrecht ya rayu da nadama, wadda wani zai ce ta fi bulala zafi, na Masilo kuwa mutuwa ta sallame shi.

5.0 Kammalawa

An ga cewa baddala ba ta tsaya ga sauya sunaye da tufafi ba. Takan zama martani ga aikin da aka ɗauko, kuma duk wanda ya taɓa jigo dole tsari ya motsa. Masilo ta sami gaskiyar da tsohon wasan ya rufe, ta biya da wani ɓangare na jan hankalinsa. Ana son ɗalibi ya zaɓi labari ɗaya daga Magana Jari Ce wanda aka san tushensa, ya auna shi da wannan ma'auni: riga kawai Imam ya sauya, ko har da jigo?